Yaron da ke azabtar da dabba, shi ne makashin gobe?

Malam Idi, Tawa:
Ƴan zaure, ga zancen da ke ta yawo,
Daga waya yana faɗawa waya:
Wai yaron da ke ƙone wutsiyar kyanwa
Zai kashe mutane in ya girma. Gaskiya?

Hajiya Rabi, Yamai:
Malam, tushen zancen yana Amurka,
Likitan ƙwaƙwalwa Macdonald ya faro shi.
A 1963 ya duba majinyata 100,
Kowanne ya yi barazanar kisa da bakinshi.
Alamu uku ya ɗaure wuri guda:
Cutar dabba, cinna wuta, fitsarin kwance bai bar shi.
Amma ku lura, masu barazana ya tara,
Ba a kan makasa ya gina bincikenshi.

Malam Hamidu, Tawa:
Hajiya, ki bar ni in ɗora a kai.
Ressler da Douglas na FBI, hukumar binciken laifi ta Amurka, sun bi kurkuku,
Tare da Burgess, makasa 36 suka tambaya,
A 1988 sakamakon ya fito, in faɗa muku.
Masu cutar dabba tun suna yara
Sun ɗan haura ɗaya cikin uku,
Da ƙuruciya ta kai samartaka, kusan rabi.
Kemper, wani makashi a Amurka, ya binne kyanwa da rai, ku ji da kunnenku,
Yana 15 ya harbe kakanninsa biyu.
Wannan bai isa hujja ba a gare ku?

Hajiya Rabi:
Bai isa ba, Malam, ga inda ta gaza:
Waɗanda aka kama kaɗai aka zauna da su.
Ina yaran da suka jefi kare suka girma lafiya?
Ba wanda ya je ya ƙidaya su.
Ɗan kurkuku kuma yakan ƙara wa miya gishiri.
Sai 1999 masani Arluke ya zo da abokan aikinsu:
Masu cutar dabba 153 a jihar Masacusets ta Amurka,
Aka gwada kowanne da maƙwabtansu.
Laifin duka da rauni ya ninka sau biyar,
Amma ba kullum dabba ce farkon ta'asarsu.
Wani da mutum ya fara duka, dabba ta biyo baya,
Tsanin daga dabba zuwa mutum bai tabbata a kansu.

Malam Idi:
To yaron da ya harbi kurciya da danko fa,
Ko ya riƙe ƙafar rago ranar layya?

Inna Zali, Tawa:
Wannan daban, ɗana, ga abin dubawa:
Yana maimaitawa? Yana yi a ɓoye?
Jaki na kuka shi yana dariya?
Ya kai goma, ya san zafi, bai daina ba?
Akuyar gida ce, wadda ya saba ba ta dawa?
In haka ne, a fara jinyar dabbar a gabansa,
A aje bulala, duka na ƙara masa ƙeta da gaba.
A zaunar da shi a tambaya a hankali:
Wa ke dukanka? Wa ke dukan uwarka a gaba?
Sau da yawa abin da ya gani yake ramawa.
In cinna wuta ta shigo ciki, sai likita, kar a jira gobe.
Ku tuna matar da ta tsare kyanwa har ta mutu,
Annabi (SAW) ya ce wuta ta shiga, ba wasa ba.

Hajiya Rabi:
Inna, fitsarin kwance dai a cire shi a lissafi,
Yaro bai zaɓa ba, barci ne ya yi nauyi.
A rage masa ruwa in dare ya yi,
A tashe shi ya zaga, a daina yi masa waƙar tsiya,
In ya wuce bakwai a kai shi likita ya duba shi.