Mota tana mutuwa alhali geji yana nuna kwata

Assalamu alaikum, masana mota. Golf 3 nake haya da ita tsakanin Gumel da Maigatari. Da zarar allurar gejin mai ta sauko kwata, sai motar ta fara fizga, musamman a gargada ko in na ɗauko kaya ranar Alhamis, daga nan ta mutu. Tankin lita 55 ne, kwata kuwa ta haura lita 13, to ina man ya shiga?

Bakanike ya canza filta da famfon mai, ya wanke tanki, kuɗi sun tafi, matsala tana nan. In mai ya wuce rabi lafiya lau take tafiya, amma cika tanki a wannan tsadar sai mai hali, kuma na gaji da sayen galan wajen 'yan bumburutu.

Gejin ne yake min ƙarya, ko famfon ne ba ya kaiwa ƙasan tanki?