Labarina na WhatsApp zai zama littafi: da wace Hausa zan buga shi, kuma ta ina zan fara?

Ƙanwar Marubuta, Maradi:
Assalamu alaikum malamaina. Ina da labari da na daɗe ina sakewa kashi-kashi a WhatsApp, ya kai kalmomi 30,000, kuma masu karatu sun matsa in mayar da shi littafi. Abu biyu suka tsaye mini. Na farko, da Hausarmu ta Maradi na rubuta, wasu na cewa sai na juya shi zuwa ta Kano kafin ya karɓu. Na biyu, me ake kai wa mai maɗaba'a, kuma kwafi nawa ya dace a fara da shi? Allah ya saka da alheri.

Malamin Hausa:
Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya yi wa alƙalami albarka. Ki raba muryar mai ba da labari da muryar mutanen da ke cikinsa. Mai ba da labari ya bi daidaitacciyar Hausa, domin littafin zai bi ta Ɗan Isa da Jibiya ya isa Katsina da Kano, kuma can ne masu sayen littafin Hausa suka fi yawa. Mutanen labarin kuwa ki bar su da bakinsu. Tsohuwar Tibiri da za ta ce "munka tahi da ɗiyata" kada ki sa mata "muka tafi da ƴata", za ki kashe ta a kan takarda. Sharaɗin ɗaya ne: wanda ya fara da "munka" a babi na 1 ya ci gaba da ita har ƙarshe.

Sai ƙa'idar rubutu, wadda rubutun waya ya fi ɓatawa. Ana haɗe yana, suna, yake, gidansu, motarta. Ana raba ya ce, za ka, ba ni. "Ku ma ku zo" daban, "kuma ku zo" daban. Haka "a kan tebur" da "akan yi". Ki buɗe rubutun a kwamfuta, ki nemi kowace ɗaya da wurin bincike, ki gyara su a zama guda. Ki kuma tsayar da shawara tun farko tsakanin ƴ da ake rubutawa a Nijar da 'y ta Najeriya. Duk biyun daidai ne, gauraya su a littafi ɗaya ne aibi.

Yaya Mai Tace Rubutu:
Malam, na yarda da kai a kan ƙa'ida, amma ban ga dole mai ba da labari ya bar Hausar gida gaba ɗaya ba. In jarumar ce ke ba da labarin da bakinta, to karin harshenta ne muryar littafin. A daidaita rubutun, a bar kalmomin.

Ƙanwata, babban aikin yana gaban wannan ma. Abin da aka saki kashi-kashi yana ɗauke da kayan da littafi ba ya buƙata: gaisuwar masoya a farkon kowane kashi, tunatar da abin da ya faru jiya, da yanke zance a tsakiyar tashin hankali don a dawo gobe. A waya wannan dabara ce, a littafi gajiyarwa ce, domin mai karatu shafi kawai zai juya. Ki cire su duka, ki haɗa kashi uku ko huɗu su zama babi ɗaya.

Daga nan ki ɗauki takarda ki jera kowane mutum: sunansa, shekarunsa, danginsa, unguwarsu, da babin da ya fara fitowa. Labarin da aka rubuta cikin watanni yakan manta da kansa. Sai a tarar ƙanen miji ya koma wansa, ko ciki ya shekara ba a haihu ba. Ki yi wa lokaci haka: in an ɗaura aure da damina, a lissafa watannin da ke tsakaninsa da azumin da kika ambata gaba.

Ki ajiye rubutun mako biyu ko uku ba ki duba ba, sannan ki karanta zantukan da ƙarfi. Duk inda harshenki ya sarƙe, ba haka mutane ke magana ba. Kalmomin Faransanci da suka zauna a bakin mutanen Maradi ki bar su a zance, da rubutun Hausa, amma jimlar ta nuna ma'anarsu don mai karatu na Kano. A ƙarshe ki ba mutum biyu da ba su bi labarin a waya ba su karanta. Masoyanki sun riga sun san abin da kike nufi, ba za su ga giɓi ba.

Mai Maɗaba'a:
Hajiya, ga lissafin bugu. A girman A5, wato rabin takardar A4, da harafi mai lamba 12, shafi na ɗaukar kalmomi 250 zuwa 280, don haka 30,000 za su ba ki shafi wajen 112. Takardar A4 ɗaya tana fitar da shafi 4, shi ya sa ake son adadin ya rabu da 4. Kwafi ɗaya takarda 28 ke nan. Kwafi 200 kuwa 5,600, wato ram 12 na mai giram 80 har da wadda za ta lalace, tunda kowane ram 500 ne. Bango a yi shi da kwali mai giram 250 ko 300, a shafa masa leda saboda ƙura.

Shafi 112 ya yi kauri ga ɗinkin waya a tsakiya, littafin zai riƙa buɗe baki. Sai gam, kuma ki roƙa a ɗinke da zare kafin a manna, domin gam mai arha yana bushewa da zafin bazara, shafuka su zube. Ki bar santimita 2 a gefen ciki don ɗaurin kada ya cinye rubutu. Kaurin ƙashin bayan littafin zai kai milimita 6, mai zanen bango ya sani.

Abin da ya fi ɓata littattafan Hausa shi ne ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. In kika kawo fayil ɗin Word, kwamfutar maɗaba'a kuma ba ta da irin harafinki, sai su fito akwati-akwati. Ki yi aiki da irin harafin da ake kira Charis SIL ko Andika, kyauta ne, ki mayar da fayil ɗin PDF. Kada ki biya cikon kuɗi sai an fitar miki da kwafi ɗaya cikakke kin karanta shi da jan biro.

Ƙanwar Marubuta, Maradi:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Ke nan 200 ya isa? Kuma yaya zan kare shi daga masu kwafa?

Mai Maɗaba'a:
Ya isa, 100 ma ya isa in kuɗi sun yi kaɗan. Ki fara rubuta sunayen waɗanda suka biya tun kafin bugu, su za su nuna miki adadin. PDF ɗin kada ya wuce ke da maɗaba'a. Ki adana rubutun farko mai kwanan wata, ki kuma kai aikin BNDA, ofishin kare haƙƙin mawallafa na Nijar, a yi masa rajista da sunanki kafin kwafin farko ya shiga kasuwa.