Daga ina zan fara sauraron tsohon kiɗan kantiri da bulugiras?

Ɗan Gwale: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Williams da Jim Reeves da Kenny Rogers kaɗai na sani, irin waɗanda ake sakawa a rediyo da daddare. Ina so in kama abin tun daga tushe. Da wa zan fara, kuma mene ne ya raba kantiri da wanda ake kira bulugiras? Akwai jita ta katako a gida, za ta yi idan ina son koyon kaɗawa?

Malam Garmaho: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Waɗanda ka lissafa reshe ɗaya ne, na masu taushin murya. Ka bi abin zamani bayan zamani, kowane zamani ka ba shi mako guda, kada ka bar wa manhaja ta zaɓa maka, don kafin ka farga ta jefa ka cikin na yanzu.

Fara da 1927. A shekarar ne Ralph Peer na kamfanin Victor ya kafa na'urar ɗaukar murya a garin Bristol na jihar Tenesi ta Amurka, ya ɗauki Jimmie Rodgers da kuma iyalin Carter, wato A.P. da Sara da Maybelle. Za ka ji shuuu a faifan, kada ya kore ka, bayan waƙa uku kunne ya saba. Ka sa hankali a jitar Maybelle. Da babban yatsa take fitar da karin waƙar a kan tsirkiyoyi masu kauri, sauran yatsa yana sharar sirara, sai ka rantse mutum biyu ne ke kaɗawa.

Daga nan sai Hank Williams, wanda ya rasu ranar 1 ga Janairu 1953 yana da shekara 29. Idan mutum ɗaya za ka ɗauka a duk fannin nan, shi ne. Kiɗansa na gidajen rawa ne: goge, jitar ƙarfe mai kuka da ake zame ƙarfe a kan tsirkiyarta, da murya mai karyewa a tsakiyar kalma. Bayansa hanya ta rabu biyu. A birnin Nashbil na jihar Tenesi, Chet Atkins da Owen Bradley suka rage gogen ƙauye suka shigo da 'yan amshi masu laushi domin jawo mutanen birni, nan ne gidan Jim Reeves da Patsy Cline. A Bekasfil ta Kalifoniya kuwa, Buck Owens da Merle Haggard suka riƙe jitar lantarki mai kaifi. Ka haɗa waƙar Reeves da ta Owens ka ji su a jere, bambancin zai fito ba sai an yi maka bayani ba. Sai ka rufe da wasan Johnny Cash na gidan yarin Folsom a 1968 da na Willie Nelson da Waylon Jennings na shekarun 1970.

Baba Tsirkiya: Malam ya gama da kantiri, bari in ɗauki ɗayan. Bulugiras yana da uba sananne, Bill Monroe ɗan jihar Kentaki, kuma sunan daga ƙungiyarsa ta Blue Grass Boys ya fito. Salon ya tsaya da ƙafarsa a ƙarshen 1945, lokacin da Earl Scruggs ya shigo da banjo ya tarar da Lester Flatt a kan jita. Faifansu na kamfanin Columbia na 1946 da 1947 su za ka fara nema. A 1948 Flatt da Scruggs suka ɓalle suka kafa tasu. Na uku su ne 'yan'uwan nan Carter da Ralph Stanley na jihar Bajiniya, kuma a ganina babu wanda ya kai su haɗa murya.

Inda sabon shiga ke ruɗewa shi ne gudu. Ya ji abin kamar ruwan sama a kan kwano, ya ce duk ɗaya ne. Maganinsa ka saurari waƙa ɗaya sau huɗu, kowane karo ka bi kayan kiɗa ɗaya. Babu ganga a tsohon bulugiras, an raba aikinta ne: babban bas na tsaye yana dukan bugu na 1 da na 3, mandolin, wani ɗan ƙaramin kayan kiɗa mai tsirkiya, yana sara gajeren sauti a na 2 da na 4. Banjo tsirkiya biyar gare shi, ta biyar gajera ce, kuma Scruggs da yatsu uku yake kaɗa shi, babban yatsa da manuni da na tsakiya, kowanne da farcen aro. Sauti takwas yakan mirgina a rarrabe uku, uku, biyu, shi ne wannan garawar da kake ji. Bayan kowane baiti mutum ɗaya zai matso gaba ya yi nasa, sauran su ja baya su rage ƙarfi. A amshi kuma murya uku ce: mai jan waƙa a tsakiya, ɗaya a samansa can ƙololuwa, ɗaya a ƙasansa. Ta saman nan mai kama da kiran nesa ita ce ran kiɗan.

Kada ka ji shi a sifikar waya. Ba ta fitar da bas, to ka rasa rabin ƙidayar. Sa abin kunne.

Hajiyar Rediyo: Ƙanena, ka kula da tarko ɗaya da ke ɓata wa mutane kunne. Mawaƙan nan da yawa sun sake rera tsofaffin waƙoƙinsu bayan sun canza kamfani, murya ta tsufa, makaɗan ma wasu ne, kuma su ne suka cika tarin faifai masu araha. Ka duba shekara da sunan kamfani kafin ka sauke. Na Hank Williams ya fi muni: bayan rasuwarsa an ɗora wa wasu waƙoƙinsa kiɗan da ba da shi aka yi ba. Idan ka ji tarin goge mai santsi a bayansa kamar kiɗan fim, ba asalin ba ne. Yawancin nasa na gaskiya na kamfanin MGM ne, daga 1947 zuwa 1952, sauti ɗaya a kunne biyu.

Idan tsohon sauti ya yi maka nauyi, shiga ta faifan Will the Circle Be Unbroken na 1972. Ƙungiyar matasa ta Nitty Gritty Dirt Band ce ta tara Maybelle Carter da Earl Scruggs da Doc Watson da Roy Acuff wuri ɗaya, ɗaukar ta fito tas, har hirarsu kafin a fara waƙa ana ji.

Ɗan Gwale: Na gode Hajiya, na gode Baba. Na ji banjon Scruggs ɗin yanzu, sai ya tuna mini da gurmi. Akwai dangantaka? Kuma batun jitar fa?

Baba Tsirkiya: Kunnenka bai yi ƙarya ba. Bayi 'yan Afirka ne suka ƙirƙiro banjo a tsibiran Karibiyan da Amurka, da ƙwarya da fata da sanda, ginin da ka sani a gurmi. Wanda masana suka fi kusanta shi da shi shi ne akontin na ƙabilar Jola a Senigal da Gambiya, mai gajeriyar tsirkiya da ake bugawa da babban yatsa. Hannun baƙar fata yana ko'ina a tarihin nan: Arnold Shultz ya yi tasiri a kan Monroe, Rufus Payne ya koya wa Hank Williams jita, Lesley Riddle ya yi yawon tattara waƙoƙi da A.P. Carter.

Jita kuwa, duba tsirkiyarta. Idan ta roba ce za ka iya koyo da ita, amma kada ka ɗaura mata ta ƙarfe, jan zai ɗaga gadar da ke fuskarta ya lanƙwasa wuyan. Riƙo uku ka koya, G da C da D. A G, bugi tsirkiya ta 6, wato mafi kauri, ita kaɗai, share sirara ukun ƙasa, bugi ta 4, sake sharewa. A D, ta 4 sannan ta 5. Makaɗin roba mai tauri ka nema, kaurin milimita 1 ko fiye, mai laushi yana lanƙwashewa ya sa ka makara. Sa manhajar ƙidayar bugu a 60, kada ka ƙara sai ka iya sauya riƙo ba tare da hannun dama ya tsaya ba. Idan kana bin faifai ka ji ba ku daidaita ba, yawanci matsin wuya suka ɗaura, wato abin da ke danne duk tsirkiyoyin a gaɓa ɗaya: a gaɓa ta 2 riƙon G ya zama A, a ta 4 ya zama B.

Sai hunturu. Katakon jita yana son damshin iska kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, iskarmu ta Disamba zuwa Fabrairu kuwa ta yi ƙasa da haka nesa. Alamar farko, bakin ƙarafan wuyan ya fara kartar yatsa, daga nan fuskar ta tsage. Samu gidan sabulu ka huda murfinsa, sa soso mai ɗan damshi wanda ba ya ɗiga, ajiye shi cikin akwatin jitar ka rufe, kana sake jiƙa shi duk bayan kwana biyu ko uku.