"Hadari ba ruwa ba ne": da sama ake ko da mutane?

Mai Duban Sama: Tun ina yaro nake bin gajimare da ido, ga furfura ta fito ban daina ba. Har ma'aunin ruwan sama na kafa, duk abin da ya sauka sai na rubuta. Jiya hadari ya haɗu baƙi ƙirin, iska mai sanyi ta taso, amma ko ɗigo. Jikata ta ce, "Kaka, hadari ba ruwa ba ne." Shin masu iya magana sama suke nufi ko mutane?

Gwaggo: Mutane mana, Malam. Mai cika baki da alkawari ake yi wa ita. Aron hadarin kawai aka yi.

Ɗan Auta: To Baba, ina za mu kai "Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta"? Wannan ta ce a yarda da alama, waccan ta ce kada a yarda.

Mai Duban Sama: Ɗana, an yanke mata wutsiya ne. Yadda na ji ta: "hadari ba ruwa ba ne, alama ce." Ba ta ƙaryata alama ba. Iskar nan mai sanyi daga cikin hadarin take saukowa, ruwan da ke zuba ne ke jawo ta ƙasa. Wato an yi ruwan, ba dai a kaina ba. Wani lokacin kuma za ka hangi zare-zare na saukowa daga gindin gajimare, busasshiyar iska ta shanye su kafin su taɓa ƙasa. Idan an yi walƙiya ka ƙirga: kowace daƙiƙa 3 kafin tsawa, nisan kusan kilomita 1 ke nan.

Tsohuwar Ɗaliba: Malam ya tuna min da Robert FitzRoy na Ingila, wanda ya fara fitar da hasashen yanayi a jarida a 1861. Ya sha ba'a duk ranar da ya kuskure. Har yau idan an ce yiwuwar ruwa kashi 70 cikin 100, aka wayi gari ba ruwa, sai a ce an yi ƙarya, a manta da sauran 30 ɗin.

Gwaggo: Duk na ji, amma ban janye ba. Ban taɓa jin an faɗe ta ana kallon sama ba, sai ana kallon wanda ake bi bashi.

Ɗan Auta: Gwaggo, jiyan da hadari ya haɗu, kin kwashe shanya?

Gwaggo: Na kwashe tas. Da gudu ma.