Ruwa ya shiga tankin gas na jirgina: wa ya taɓa fama da wannan?

Mai jirgi, Dutsin-Ma:
Assalamu alaikum jama'a. Shawarar waɗanda abin ya taɓa samu nake nema. Ina da jirgin katako a madatsar Zobe, ina tsallakar da mutane da buhunan hatsi. Injinsa na man gas ne mai fistin ɗaya, irin wanda ake ɗaurawa a injin niƙa. Tun da damina ta kankama ya canza hali: da safe sai an sha wuya kafin ya tashi, in ya tashi sai farin hayaki, yana tafiya yana shaƙewa. Jiya ya mutu murus a tsakiyar ruwa, ga fasinja, har da mata masu goyo, da filafili muka kai gaɓa. Da na kwance filta na juye a farar gora, sai ga mai a sama, ruwa kwance a ƙasa, tsakaninsu wata baƙar dauɗa mai yauƙi. Akwai kusan lita 40 a tankin, kun kuma san kuɗin gas yanzu. Zubarwa zan yi, ko akwai dabara?

Manomin rani, Jibiya:
Wa alaikumus salam. Allah Ya tsare gaba. Kada ka zubar, Malam. Ni a injin ban ruwa abin ya same ni, man da na saya a jarka hannun 'yan bumburutu. Ka ɗaure jirgin inda ba igiyar ruwa, ka bar shi ya kwana ba motsi, ruwan zai kwanta a gindi. Ka ɗan karkata tankin ya taru a kusurwa ɗaya, ka zura tiyo mai garai-garai har ƙasa, ka riƙa ja kana kallo har sai mai zalla ya fara biyowa. Da famfon hannu na roba za ka ja, ban da baki. Ni yanzu ko wa zai sayar mani, sai na tsiyaya a kwalba na ɗaga wa rana tukuna.

Direban tarakta, Daura:
Mu a da in haka ta faru, kananzir muke ƙarawa, wasu ma fetur kaɗan, a ce zai ƙone ruwan. Inji na tashi kuwa.

Bakanike, Ƙofar Ƙaura, Katsina:
Yaya, da girmanka, amma wannan shawarar kada mai jirgi ya ɗauke ta. Kananzir da fetur ba sa cinye ruwa, yana nan kwance inda yake. Abin da suke yi shi ne tsinka gas ɗin, alhali santsin gas shi ne ke shafe famfon injakta (mai tura mai da ƙarfi) da nozul (bakin da ke fesa man cikin inji), ba wani man da ke shiga wurin. Ga fetur a cikin jirgi, tururinsa ƙasa yake kwantawa a cikin ramin katako, tartsatsi ɗaya ya isa.

Litar ruwa kilo ɗaya ce, litar gas kuwa ba ta wuce giram 830 zuwa 850 ba, shi ya sa kullum ruwa ke gindi, daidai inda bututun mai ke zuƙa. A kan tudu abin da sauƙi. A jirgi kuwa igiyar ruwa na girgiza tanki, sai ruwan ya tashi ya gauraya, inji ya haɗiya, shi ne shaƙewar da kake ji.

Na sha buɗe irin wannan famfon. Filanjar, wato 'yar sandar ƙarfen da ke tura mai a cikinsa, da ya kamata ta riƙa ƙyalli, ta shige gidanta sumul, sai ka tarar ta yi ja da tsatsa, an kakkarce jikinta, in ka tura da yatsa tana cijewa. Ruwa in ya kwana a ciki ke nan. Wanda ya isa bakin nozul kuma, zafi ya mai da shi tururi, yana iya fasa kan. To, mafi yawan ɓarnar ba lokacin da inji ya mutu ake yin ta ba, a'a, lokacin da mutum ya dage yana ta juya handil ne, yana ƙara tura ruwa ciki. Don Allah kada ka ƙara tayar da shi sai an gama wanki.

Baƙar dauɗar nan ma ba datti ba ce kawai. Ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, suna zaune a iyakar ruwa da mai, suna cin man suna yaɗuwa. Muddin ruwa na gindin tanki, ko filta nawa ka canza za su sake toshe ta. Tunda ka gan su, jan ruwa kaɗai bai wadatar ba. Ka juye man duka a duro mai tsabta, ka cire tankin a wanke shi da gas mai kyau, a goge, ya bushe sarai. Ka hure bututu, ka sa sabuwar filta. Sannan ka nemi filtar nan mai kofin gilashi a ƙasa, ta raba ruwa da mai, ka ɗaura tsakanin tanki da inji. Kowace safiya kallo ɗaya za ka yi, in ka ga ruwa ka sassauta notin ƙasa ya zube a gwangwani.

Tsohon ma'aikacin gidan mai, Katsina:
Gaskiyar Oga ce. Mu akwai wani man shafawa da muke shafa wa bakin sandar awo, in ta taɓa ruwa a gindin tanki sai launinsa ya juya. Ana samunsa wurin masu sayar da kayan gidan mai. Kuma in ka ga tanka na sauke kaya, ka dakata, lokacin ne abin da ke ƙasa yake tashi. Gas mai kyau ana ganin yatsa ta bayan kwalba. In ya yi duhu-duhu kamar ruwan wankin shinkafa, ruwa ya riga ya gauraya da shi, wannan kwana ɗaya ba ya isar shi kwantawa.

Mai injin niƙa, Daura:
Ɗana, kada a ɗora wa masu mai laifin duka. Ni a gida ɗaya nake saye shekara da shekaru, amma duk watan Agusta sai yarona ya tsiyayo ruwa a tanki. Ashe gumi ne. Tanki in rabi ne, iskar damina mai laima ta cika sauran, da dare ƙarfe ya yi sanyi, ruwa ya tsattsafo a bangon ciki ya gangara. Da hunturu ba ma ganin haka. Yanzu da yamma muke cika tanki, ba da safe ba. Kai da kake kan ruwa, naka ya fi. Ka kuma duba robar murfin, in ta bushe ta tsattsage ruwan sama ta nan yake bi, haka ma bututun shaƙar iska in bakinsa na kallon sama.

Mai jirgi, Dutsin-Ma:
Na gode, Hajiya, Allah Ya saka da alheri. Na duba, robar ta tsage gida biyu. Oga, man da na juye a duro, in na tace da ƙyalle zai yi?

Bakanike, Ƙofar Ƙaura, Katsina:
Ƙyalle datti yake tarewa, ruwa wucewa yake. Ka bar duron ya kwanta har man ya yi garau, ka ɗebi na sama da tiyo, ka bar kamar taƙi ɗaya a gindi. Bayan ka haɗa komai sai ka sassauta notin cire iska na kan filta, ka bar mai ya fito har kumfa ta ƙare, haka a famfo, sannan ka tayar. Ka bar shi ya yi aiki a bakin gaɓa tukuna kafin ka ɗauki kowa. In har yanzu yana farin hayaki, nozul ya taɓu, ka kawo a gwada.

Masunci, Zobe:
Yaro, ni ina su a wannan ruwan tun bayan da aka tare kogin Karaduwa aka gama madatsar a 1983, roƙo ɗaya gare ni. Wannan ruwan gindin tankin kada ka kwarara shi a dam. Na sha ganin masu inji suna yi, ɗan kofi ɗaya sai ya shimfiɗu a kan ruwa yana ƙyalli har bakin gonakin rani, kifin da aka kama a wurin kuwa ko an soya warin gas na nan. Shanu a nan suke sha, yara a nan suke wanka. Haka 'yan uwanmu na madatsar Ajiwa, su da ruwansu ke zuwa famfunan birnin Katsina. Ka zuba a jarka mai murfi ka hau da ita tudu. In ya kwanta, bakanike zai karɓi na saman ya wanke ƙarafa da shi.