Neman Shawara: Koton Roba Ko Tana A Kogin Galma?

Mai tambaya, daga Tudun Wada: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana fatsa da ke wannan zaure. Wani ɗan'uwana ya kawo mini tsarabar koton roba mai siffar ƙananan kifaye, da kuma na ƙarfe mai walƙiya, amma tun da damina ta kankama nake jefa su a Galma ban kama komai ba, alhali waɗanda ke gefena suna ta ciro tarwaɗa da tana. Shin kayan ne ba su da kyau, ko kuwa kifinmu ne bai san su ba?

Wani dattijon masunci, daga Dakace: Wa alaikumus salam. Yaro, kayanka lafiyarsu ƙalau, ruwan ne ba nasu ba. Tarwaɗa ƙananan idanu gare ta, kuma da sansane da gashin bakin nan nata take laluben abinci a ƙasan ruwa, galibi daga almuru zuwa asuba, saboda haka abin da ba ya wari da wuya ya ja hankalinta. Ga shi kuma da damina Galma takan yi jawur da laka, ta yadda ko kifi mai ido ba zai hango walƙiyar ƙarfenka ba. Ka nemi tana, ko hanjin kaza da ya kwana, ko ƙaramin kwaɗo. Idan kuwa ka dace da daren da shinge ya fito, to, ka tara shi, domin ni ban ga koton da ya fi shi ba. Ka ɗaura darma sama da ƙugiyar kaɗan don koton ya kwanta a ƙasa, sannan ka zaɓi lanƙwasar kogi inda ruwa ya lafa.

Wani malami, daga Samaru: Baba ya yi gaskiya, sai dai kada ka yar da kayan. An yi su ne domin kifayen da ke farauta da ido, irin su tsage da giwan ruwa, wanda babbansa kan haura kilo 100 a manyan ruwaye. Idan Allah ya kai ka tafkin Kainji da rani, lokacin da ruwa ya tace, za ka ga amfaninsu. Ba a jefa irin wannan koto a zauna jira. Jawo shi ake yi, ana fizga ana sassautawa, don ya yi kama da kifin da ya ji rauni. Kuma lallai ka sa guntuwar waya tsakanin koton da zaren, domin haƙoran tsage suna datse zaren roba nan take.

Dattijon ya ƙara da cewa: Kafin ka jefa ƙugiya a wurin da ba ka saba ba, ka fara gaida sarkin ruwan yankin, domin shi ya san inda masunta suka shimfiɗa raga da mamari, wato dogon zare mai ƙugiyoyi da yawa, a ƙarƙashin ruwa.