Musayar Waƙa: Burtali, Kara da Ɓarnar Kaka

Magajin Garma:

Baffa Arɗo, ga tambaya gare ka,
Kan ɓarnar kaka mai yawan dawowa.
Gero tun Satumba ake girbe shi,
Dawa sai Nuwamba take kammalawa.
Wake na ƙasa, harawa ba a ɗaure ba,
Sai ga garke da dare yana kutsawa.
Yaro ɗan shekara goma da sanda,
Shanu hamsin, ina zai iya tarewa?

Arɗo Mai Sanda:

Na ji, ɗan'uwa, ɓarna ba daɗi,
Amma fara tambaya: ina hanya?
Dokar 1965 ta Jihar Arewa a Najeriya,
Ita ta tanadi keɓe filin kiwo ga makiyaya.
Yau burtali kunya-kunya ake cin sa,
Na dama ya ci, na hagu ya biyo baya.
Inda garke ke wucewa a baje,
Ya koma sai ɗaya bayan ɗaya.
Fadama ta zama albasa da tumatir,
An shinge tafki, an toshe mashaya.
Ruwan arewa ya ƙafe, dole a gangaro,
Saniya mai ƙishi ba ta tsoron ƙaya.

Hajiya 'Yar Maradi:

Yayyena, ku ji yadda ake a Nijar,
Akwai ranar da ake sakin gonaki.
Hukuma ke yanke ta bayan shawara
Da manomi da makiyayi da sarki.
Kafin ranar, wanda ya shiga zai biya,
Bayanta dabba ta ci kara, ta bar taki.
Dokar karkara ta 1993 ta kawo
Kwamitin filaye, har ƙauye suna aiki.
Burtali a kafa masa turakun siminti,
Mai tura iyaka ya rasa bakin musu da baki.
Rikicin garin Toda na yankin Maradi a 1991 ba mu manta ba,
Rai fiye da ɗari, kan ɓarnar gonaki.
Inda ake tuntuɓe: a jinkirta ranar,
Shanu sun iso, ba ciyawa, ba tafki.

Malam Wakilin Dagaci:

Hajiya kin faɗa. Ga tsarin kiyasi:
In an yi ɓarna, kar ta wuce kwana.
A kira mai unguwa da Arɗo tare,
Da shaidu biyu, a je da rana.
A bi sawu da kashi har zuwa ruga,
Kar a kama baƙo don kamar suna.
A auna wurin da taku, tsawo da faɗi,
A ƙirga kunyoyin da aka ci a gona.
A duba dami nawa gefen ya bayar,
A yi kuɗi da farashin kasuwar bana.
Mai gona kar ya sari saniya don fushi,
Diyyar saniya ɗaya ta fi hatsin gona.
A rubuta takarda, kowa ya sa hannu,
Biyan baki kawai shi ke tada magana.

Magajin Garma:

Malam, to kara fa? Yanzu kuɗi ne,
A amalanke ake kai shi sayarwa.

Arɗo Mai Sanda:

A yi ciniki tun kafin yankan dawa,
Kwana nawa garke zai yi, a faɗi gaskiya.
Ka ɗau na shinge da na jinka tukuna,
Sauran mu ci, takin ya zama biya.